44 cikin 44: wai zaɓe aka yi ko naɗi?

Ɗan Ƙofar Mata: Assalamu alaikum jama'ar zaure. To an faɗa. Shugaban hukumar zaɓe ta jihar Kano, KANSIEC, Farfesa Sani Lawal Malumfashi, ya bayyana sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi na Asabar 26 ga Oktoba 2024. NNPP ta kwashe ciyamomi 44, ta haɗa da kansiloli 484, ko kujera ɗaya ba ta bari ba. Ni ba faɗa na zo yi ba, tambaya ce. A duk faɗin Kano, daga Doguwa har Kunchi, babu mazaɓa ɗaya tak da mutanenta suka ga ɗan takarar wata jam'iyya ya fi musu? Ko ɗaya?

Jar Hula: Wa alaikumus salam. Malam, wa ya hana su shiga? APC da bakinta ta ce ba za ta yi ba. Mutum ya ƙi zuwa fili sannan ya ce an ci shi da maguɗi? Kano ta Madugu Kwankwaso ce, an gani a 2023, an sake gani jiya. Wanda abin ya yi wa zafi ya sha ruwan sanyi.

Ɗan Tsintsiya: Mu shiga me? Zaɓen da kotu ta ce kada a yi? Kwana huɗu kafin zaɓe Mai Shari'a Simon Amobeda na Babbar Kotun Tarayya ya ce shugaban hukumar da mambobinsa ba su cancanta ba, saboda alaƙarsu da jam'iyya mai mulki. Ya ce kada INEC ta ba su rajistar masu zaɓe, kada jami'an tsaro su sa hannu. 'Yan sanda suka ce sun bi umarnin kotu. To da wace rajista aka tantance mutane?

Jar Hula: Ita kuma Babbar Kotun Jiha da ta ce a yi, ba kotu ba ce? Ko sai wadda ta yi muku daɗi ce kotu?

Ɗan Tsintsiya: Ai mun san wannan wasan. Irin wanda aka yi ne a kan sarauta. Wannan kotu ta ce gabas, waccan ta ce yamma, kowa ya ɗauki takardar da ta yi masa ya sa a aljihu.

Jar Hula: Kai dai da ka yi shiru da ya fi maka. 16 ga Janairu 2021, lokacin Ganduje, nawa APC ta ci? 44 da 484. Fabrairun 2018 fa, da hotunan yara ƙanana a kan layi suka cika intanet, nawa ta ci? Duka. A lokacin ba mu ji ka ce naɗi ba ne. Murna kake yi kana sa hoton tsintsiya.

Ɗan Tsintsiya: To ka ƙara baya kaɗan mana. 2014 wa ke gwamna? Kwankwaso. Nawa jam'iyyarsa ta ci? Duka. Ku kuka koya wa kowa.

Mai Shayin Bakin Kasuwa: Hahaha wallahi ku biyun nan kun amsa wa Ɗan Ƙofar Mata tambayarsa ba ku sani ba. Kowa na cewa "ai kai ma ka yi". Ni dai abin da idona ya gani, an hana zirga-zirga, titi ya zama filin ƙwallon yara, ni kuma na yi cinikin da ban saba yi ranar Asabar ba, don duk majalisar unguwa a bencina ta wuni. Rumfar zaɓen tana tsallaken titi, ina hango ta daga inda nake soya ƙwai. Wani dattijo ya zo da katinsa a cikin leda, ya dangwala, ya dawo ya sha shayi, na tambaye shi wa ya zaɓa a kansila, ya ce wallahi bai san sunansa ba, alamar NNPP kawai ya nema.

Jar Hula: To ai ka ga ya zaɓi abin da yake so. Ina matsalar?

Mai Kula da Zaure: Don Allah a yi muhawara da ladabi. Na goge saƙo biyu da aka ambaci iyaye. Wanda ya sake, waje.

Na Kawo Kaduna: Kanawa ku daina ganin kamar ku kaɗai ne. Mu nan mako guda kafin naku aka yi, 19 ga Oktoba. APC 23 cikin 23, kansiloli 255 cikin 255. Har da Kudancin Kaduna, inda kowa ya san yadda PDP take da ƙarfi a can. Kuma abin da ya fi ba ni takaici, mu fa mun taɓa ɗanɗana wani abu daban. A 2018 da aka kawo na'urar zaɓe lokacin El-Rufai, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi. A 2021 shi kansa gwamna jam'iyyarsa ta faɗi a akwatinsa na Unguwar Sarki, aka faɗa, duniya ba ta tashi ba. Ba wai na'urar ba ta da matsala ba, an yi ƙorafi a kanta sosai. Amma bana an ajiye ta an koma takarda, sakamako kuma ya koma yadda aka saba.

Ɗan Ƙofar Mata: Ka ga abin da nake faɗa kenan. Jigawa ma farkon watan nan APC ta kwashe ciyamomi 27.

Barista Ƙarami: Ku duba Ribas ku sha mamaki. A lokacin zaɓensu Gwamna Fubara ɗan PDP ne a takarda, amma jam'iyyar tana hannun mutanen Wike. Sai magoya bayansa suka shiga wata jam'iyya, APP, wadda yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba. Ranar 5 ga Oktoba ta ci 22 cikin 23. Wato ba jam'iyya ce take ci ba, duk inda gwamna ya karkata nan sakamako yake bi. A Akwa Ibom PDP ta ci 30 cikin 31, ɗayar da APC ta samu kuma ƙaramar hukumar Shugaban Majalisar Dattawa ce, Akpabio. Kowa ya fassara da kansa.

Jar Hula: Barista, to me ya sa sai Kano ake ta yi wa surutu?

Barista Ƙarami: Yayana, don a Kano muke. Da a Uyo muke da ta Uyo za mu yi.

Tsohon Akawu: Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, yatsuna ba su da saurin naku, ku yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta.

Duk wannan gardama ta wa ya ci wa ya faɗi, a bakin ƙofa kuke yin ta, ba ku shiga cikin gidan ba. Ni a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma na yi aiki har na ajiye, ba zan faɗi wacce ba, ba zan faɗi jiha ba, kuma na yi da gwamnatoci kala-kala. Bari in gaya muku yadda wata yake ƙarewa. Kuɗi ya taso daga Abuja da sunan ƙaramar hukuma, amma ba wurinmu yake sauka ba, asusun haɗin gwiwa na jiha yake shiga. Sai a kira taro a babban birni. Ciyaman ya sa babbar riga, ma'aji ya ɗauki jaka, a tafi. A can za a miƙo masa takarda an riga an buga. Sama an rubuta kasonsa gaba ɗaya, adadi mai daɗin gani. Ƙasa kuma layi-layi: albashin malaman firamare, albashin ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, kuɗin horar da ma'aikata, sannan wani layi da ake kira aikin haɗin gwiwa, wanda sau da yawa shi ciyaman bai san inda aikin yake ba sai ya gani a talabijin ana buɗewa. Abin da ya rage a can ƙasa shi ne nasa. Ya sa hannu a kan cewa ya karɓi na saman. Na sha ganin ciyaman ya dawo daga taron nan ya shige ofis ya ce a ce ba ya nan, saboda 'yan kwangila da masu neman taimako sun cika baranda, abin da ya dawo da shi kuwa ko man janareta na wata ba zai kai ba bayan an biya alawus.

To ku gaya mini, mutumin da za a miƙa wa takarda irin wannan ya sa hannu bai ce uffan ba, gwamna zai bari talakawa su zaɓo masa shi? Ba zai bari ba. Dole ya zama wanda ya san wanda ya ɗora shi. Shi ya sa ainihin zaɓen ba ranar Asabar ake yin sa ba. Ana yin sa ne daren da ake rubuta sunayen 'yan takara, wanda ake ce wa maslaha. Ranar Asabar biki ne kawai.

Ɗan Tsintsiya: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ka gama magana.

Tsohon Akawu: Kada ka yi saurin yi mini addu'a ɗana, naku ma haka suka yi, a gabana.

Jar Hula: Baba, da girmanka, amma wannan labarin da ne. Ai Kotun Ƙoli ta kashe asusun haɗin gwiwa. Yanzu kuɗi kai tsaye zai riƙa zuwa, kuma shi ya sa gwamna ya matso da zaɓen daga ƙarshen Nuwamba zuwa Oktoba, don kada a riƙe wa Kano kuɗinta. Wannan ai kishin jiha ne.

Barista Ƙarami: Bari in gyara kaɗan. Hukuncin 11 ga Yuli 2024 ne, ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Abu uku ya fi muhimmanci a ciki. A biya ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, domin sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki zaɓaɓɓun shugabanni ya ce. Sannan duk inda kantoma ne ke riƙo, kada a saki kuɗin. Wannan na ukun shi ne ya tayar da gwamnoni tsaye, ba a Kano kaɗai ba. Jihohin da suka shekara da shekaru ba su yi zaɓe ba, cikin wata uku kowa ya tuna yana da hukumar zaɓe. Mu ma nan tun da wa'adin na 2021 ya ƙare a farkon shekarar nan, 'yan riƙo ne a kai.

Amma ka lura da abin da hukuncin bai taɓa ba. Bai taɓa sashe na 197 ba, wanda ya kafa hukumomin zaɓe na jihohi, kuma gwamna ne yake naɗa mambobinsu, majalisar jiha ta amince. Shi yake ba su kuɗin aiki. To an ce kuɗi ya tafi hannun ciyaman kai tsaye, amma an bar wa gwamna ikon fitar da wanda zai zama ciyaman. Me ya canja?

Tsohon Akawu: Barista ya taɓo wurin. Kuma wannan ba shi ne karon farko ba. A 2019 hukumar sa ido kan hada-hadar kuɗi, NFIU, ta fitar da ƙa'ida cewa kada a cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, kuma kada a taɓa kuɗin sai ya isa asusunta. Muka yi ta murna a ofis. Gwamnoni suka tafi kotu, a ƙasa kuma aka samo hanya. Kuɗi ya shigo da safe, kafin la'asar an rubuta takardun biya ya koma inda aka ce ya koma, da sa hannun ciyaman da na ma'aji, komai bisa ƙa'ida. Wa zai ƙi? Wanda ya ƙi, majalisar jiha tana da ikon dakatar da shi a bincike shi, kansilolinsa ma za su iya tsige shi, kuma duk 'yan gida ɗaya ne.

Malama Uwar Ɗalibai: Assalamu alaikum. Baba Akawu ina gaisuwa. Ni fa ina jin ku ne kawai, amma gabana faɗuwa yake da wannan 'yancin da ake ta yi wa guɗa. Ku tambayi duk malamin firamare da ya kwana biyu a aiki yadda aka sha lokacin da albashi yake hannun ƙananan hukumomi. Mahaifina malami ne, na tashi na ga ana bin sa bashin wata da watanni, mai kanti ya daina ba mu sabulu. Shi ya sa ƙungiyarmu ta malamai, NUT, ta daɗe tana cewa a ba su 'yancinsu amma a cire albashin malamai tun daga sama. Yanzu ko ba komai ana cirewa ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, wata ya yi ka ji ƙararrawa a waya. Idan aka damƙa wa ciyaman kuɗin nan gaba ɗaya, ga 'yan jagaliya a ƙofa, ga wanda ya kashe masa kuɗin fom yana jira, kuna ganin ni da ke aji da yara sun fi ƙarfin benci zai fara tunawa?

Barista Ƙarami: Malama, tsoronki yana kan hanya. Amma ai maganinsa shi ne ciyaman ya san idan ya riƙe albashinki za ki iya kayar da shi. Yanzu ba za ki iya ba.

Malama Uwar Ɗalibai: To ai shi ne. A fara gyara zaɓen kafin a sakar musu kuɗin. An ɗaura wa doki sirdi ta wutsiya.

Ɗan Ƙofar Mata: Maganar kuɗin fom da Malama ta kawo ma abin dubawa ce. Da farko miliyan 10 aka sa wa mai neman ciyaman, miliyan 5 kansila, sai da aka je kotu. Kansila fa! Yaron unguwa mai mutunci da kowa ya yarda da shi, malamin Islamiyya ko mai gyaran waya, ina zai samo miliyan 5? Dole sai wani ya biya masa, wanda ya biya kuma shi ne ubangidansa.

Jar Hula: Kuna magana kamar ba a fito da mutanen kirki ba. Akwai matasa masu digiri a cikinsu. A Tudun Wada mace ce ta zama ciyaman, yaushe rabon da ku ga haka a Kano? Wannan ba ci gaba ba ne?

'Yar Gwagwalada: Wannan kam na yaba, kuma ina mata fatan alheri. Amma ɗan'uwa bari in ba ka misali daga inda nake zaune. Mu a Abuja ba mu da gwamna, ba mu da hukumar zaɓe ta jiha, INEC ce take yi mana zaɓen ƙananan hukumomi shida. A Fabrairun 2022, APC na mulkin ƙasa, Buhari na Villa, PDP ta ci AMAC da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. Uku da uku. AMAC fa ita ce ƙaramar hukumar da fadar shugaban ƙasa take ciki. Ban ce ba a sayen ƙuri'a ba, ana saye, na gani da idona ana raba taliya da 'yan dubu-dubu a bayan makaranta. Amma ko sayen ma ai alama ce ta cewa ƙuri'ar tana da daraja. A inda aka san sakamako tun kafin a buga takarda, wa zai ɓata kuɗinsa ya saya?

Mai Shayin Bakin Kasuwa: Wallahi Hajiya gaskiya ne, bana ko sabulu ba a raba ba. Matan layinmu har ƙorafi suke.

Ɗan Tsintsiya: To a ba INEC kawai a huta.

Jar Hula: INEC ɗin da ta yi mana inkwankulusib a 2019? Ka manta mazaɓar Gama a zaɓen gwamna? Mu ba mu manta ba. A ba INEC, wato a ɗauke daga hannun gwamna a miƙa wa shugaban ƙasa. Yau kuna so saboda ku ne a sama. Ranar da kuka sauka za ku dawo kuna kukan a bar wa jihohi.

Barista Ƙarami: A nan kam Jar Hula yana da magana. Masu cewa tsarin tarayya ya lalace idan Abuja ta karɓe komai ba shirme suke ba. Sai dai ko an so a ba INEC ɗin, ba abu ne na kwana ɗaya ba. Gyaran Kundin Tsarin Mulki ne, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A majalisar da ta wuce an kai musu ƙudirin 'yancin ƙananan hukumomi, bai samu adadin ba. Su wa ke juya majalisun jihohi? To ka gani.

Bamaraɗe: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni daga Maraɗi nike bin ku. Mu nan tsarin ya bamban. Zaɓen da munka yi na ƙarshe, Disamba 2020, hukumar ƙasa CENI ta shirya shi rana guda ga ƙasa duka. Kuma ba mutum guda aka zaɓe ba, jerin sunaye kowace jam'iyya ka kawowa, a raba kujerun kansaye gwargwadon ƙuri'un da kowa ya samu, su kuma kansayen su zaɓi magajin gari cikinsu. Shi ya sa da wuya ka ga majalisa ta jam'iyya guda zalla, dole sai an yi ƙawance. Amma kada ku ce mun fi ku, don can ma wajen zaɓen magajin gari akwai cinikin kansaye, a kwashe su a ɓoye wani gari har ranar ƙuri'a. Yanzu ma duk wannan ya wuce, tun watan Afrilun 2024 sojoji sunka rushe majalisun, sunka naɗa masu riƙo. Ku aƙalla kuna da wanda za ku zaga da sunan kun zaɓe shi.

Ɗan Ƙofar Mata: Sannu da zuwa mutumin Katsinar Maraɗi. Wannan rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a ya burge ni. Da haka ake yi a nan, ko a mazaɓar da jam'iyya ta fi ƙarfi sai an samu mutum biyu uku na adawa da za su riƙa tambayar ina kuɗin kwalbati.

Tsohon Akawu: Ka faɗi abin da ya fi damuna ɗana. Mutane suna ganin ciyaman, ba sa ganin majalisar kansiloli. A doka su ne za su amince da kasafin kuɗi, su ne za su tambayi yadda aka kashe. Na zauna ina rubuta bayanan zamansu. Idan duk 'yan jam'iyya ɗaya ne, zaman ba ya wuce a buɗe da addu'a, a karanta, a ce an amince, a sa hannu a takardar alawus, a rufe da addu'a. Amma akwai lokacin da na ga majalisa mai gauraye, bayan zaɓen Disamba 1998 da INEC ta yi lokacin Abdulsalami, PDP da APP ta wancan zamanin (ba ta Ribas ba) a ɗaki ɗaya. Wani kansila ɗan adawa, manomi ne, karatunsa bai yi nisa ba, ya zo da igiya ya auna zurfin rijiyar da aka ce an haƙa a ƙauyensu, ya kawo igiyar zauren majalisa ya shimfiɗa a ƙasa, ya ce a kawo takardar biya a gwada. Ranar ban ci abincin rana ba, muna ta neman fayil. Ɗan kwangilar sai da ya koma ya ƙarasa. Ba don kansilan ya fi sauran tsoron Allah ba ne, don ya san idan ya kunyata ciyaman shi zai ci riba a zaɓe na gaba. Wannan ɗan tsoron shi ne aka rasa.

Kuma ku yara ku sani, wannan rigima ta girme ku. NEPU da Malam Aminu Kano tun 1950 faɗansu da En'e ne, wato hukumar da ke kusa da talaka, mai karɓar haraji da jangali, mai 'yan doka da gidan yari. Gyaran 1976 ya zo ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, aka ce mulki ya dawo hannun jama'a. Da ana cewa hakimi ba zaɓarsa aka yi ba. Yau jikokin 'yan NEPU ne a kowane ɓangare, jar hula da tsintsiya, kuma kowannensu idan ya hau sai ya naɗa nasa hakiman ya kira su ciyamomi.

Jar Hula: Baba wannan ta yi zafi.

Tsohon Akawu: Ba da kai nake ba kai kaɗai.

Na Kawo Kaduna: Ni abin da ke ba ni mamaki, mun fi zafi a kan zaɓen shugaban ƙasa, alhali kasuwa, tasha, kwashe shara, maƙabarta, mayanka, asibitin sha-ka-tafi, rajistar haihuwa, duk a jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki aikin ƙaramar hukuma ne. Kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya nasu ne. Tun da aka cire tallafin mai kuɗin da ake rabawa ya ƙaru sosai. Amma ka tambayi mutum goma a layinku sunan kansilansu.

Malama Uwar Ɗalibai: Ai sun san gidansa ko ba su san sunansa ba. Maƙwabcinmu ya taɓa yin kansila. Tun asuba mata ke zaune a zaurensa da takardar magani, wannan matarsa ta haihu babu ragon suna, wancan an koro ɗansa daga makaranta. Shi kuma ba shi da kasafin ko sisi, albashinsa ne yake rabawa, da ya ƙare ya koma fita ta ƙofar baya. Mu ma mun mayar da su wurin karɓar sadaka, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa ina maganar rufin ajinmu.

Ɗan Tsintsiya: To yanzu dai mu jira kotu. Wannan zaɓen ba zai tsaya ba.

Barista Ƙarami: Kada ka sa rai da yawa. Za a ɗaukaka ƙara, a yi ta jayayya a kan wace kotu ce ke da hurumi, wa'adin kuma shekara uku ne kacal. Kuma ko an rushe an sake, hukumar da gwamna ya naɗa ce za ta sake shiryawa. Abin da ya fi amfani a yanzu, duk wata ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon Abuja, ofishin Akanta Janar da hukumar ƙididdiga ta NBS suna fitarwa. Ba sirri ba ne. Ni zan riƙa ɗauko na ƙananan hukumomin cikin birni ina sawa a nan.

Ɗan Ƙofar Mata: Madalla Barista. Jar Hula, tunda kansilan mazaɓarmu naku ne, kwalbatin bayan masallacin Juma'a da ya karye tun damina, wa za mu kai wa?

Jar Hula: Ku rubuto takarda, mai unguwa ya sa hannu, ni zan kai da kaina. Amma ku bari a rantsar da su su zauna tukuna, ko kujera ba a ba shi ba.

Ɗan Tsintsiya: A rubuta kwafi biyu, ɗaya a kai gidan gwamnati, don can kuɗin yake.

Jar Hula: Kai dai ba ka gajiya.

Malama Uwar Ɗalibai: Idan za ku rubuta ku sa rufin aji uku da iska ta yaye, yara a ƙarƙashin darbejiya suke karatu. Zan turo wa Barista hotunan ta bayan fage.

Mai Kula da Zaure: Barista ya tsara takardar ya sako nan kafin Juma'a, kowa ya duba. Masu tallan atamfa da data kuma don Allah ba a wannan zaren ba.